Tafinta a Gaban Akwatin Alhaji Rufa'i

A shekarar da Alhaji Rufa'i ya kawo akwatin talabijin Tasawa, gyaɗa ta fara ja da baya, amma ba ta kai ga kunyata masu sayenta ba tukuna, kuma Alhaji na cikin manyansu. Daga Kano ya ɗauko akwatin a bayan kamiyonsa, babbar motarsa ta ɗaukar kaya, an naɗe shi da barguna kamar jinjiri, tare da injin wuta da wani dogon ƙarfe mai yatsu. Aka haɗa azara biyu aka ɗaure ƙarfen a bisa, aka kafa a kan rufin mangazar da yake tara buhuna. A lokacin babu tashar Nijar da hotonta ke isowa Tasawa. Abin da ƙarfen ke kamowa daga Najeriya yake zuwa, shi ma in ya ga dama. Wata rana a ga mutum sarai har da haƙoransa, wata rana sai tsaki-tsaki kamar an watsa gero a faranti.

Matsalar da Alhaji bai hango ba ita ce harshe. Akwatin Ingilishi yake yi. Ma'aikatan gari kuwa, daga malaman lakwal, wato makarantar boko, har zandarmomi masu tsaron gari, Faransanci suka sani. Aka zauna ana kallon bakin mutum yana motsi, ba wanda ya san ko gaisuwa yake ko zagi. A nan ne wani ya tuna da Matiyu tela.

Matiyu mutumin Koona ne, Kirista, ya haura arba'in, yana da rumfar ɗinki a bakin kasuwa. A ƙuruciyarsa ya yi shekaru yana dafa wa wani Baturen mishan abinci a wajen Maraɗi, a can ya tsinci Ingilishinsa. Ingilishin kuwa na madafa ne da na addu'a. Ya san kawo ruwa, gishiri ya yi yawa, rufe ƙofa, mu sunkuyar da kai. Amma da mutane suka ce yana ji kamar ɗan Ingila, bai taɓa musawa ba. A garin da 'yan cocinsu ba su cika tabarma uku ba, abu ne mai daɗi a ce kana da wani abin da ba kowa ke da shi ba.

Da Alhaji ya aiko kiransa, Ladi, matar Matiyu, tana tankaɗe. Ba ta ɗago kai ba ta ce, "Baban Altine, in ba ka ji abu ba, ka ce ba ka ji ba. Ba a kashe mutum a kan haka."

"Mi ke gare shi mai wuya?" in ji shi. "Ido na gani, kunne na taimakawa."

Makonnin farko abin ya tafi daidai. In aka nuna mutum da sabulu, Matiyu ya ce sabulu ake talla. In aka nuna sojoji, ya ce gwamnati na gargaɗi. Aka ajiye masa kujera kusa da akwatin, ana kawo masa shayi kafin a kai wa kowa. Mutanen da a da in sun zo rumfarsa daga tsaye suke miƙa yadi, yanzu suna cewa "Malam Matiyu".

Sai aka fara wasannin ƙasashen Afirka a Ikko, rediyon Yamai ya ce Nijar ta tura 'ya'yanta. Cikin sunayen da aka karanta har da Talle ɗan Gajere, mutumin Koona, wanda zai yi gudu mai dogon zango. Duk wanda ya san Koona ya san Talle. Tun yana kiwo yake kamo ɗan akuya da gudu, da ya shiga soja kuma aka ce babu mai ganin ƙeyarsa a bariki. Tasawa ta ɗauka kamar an riga an ba shi kyautar.

Kowace la'asar mangaza ta cika. Manya a kan benci, matasa a kan buhuna, mata a bakin ƙofa suna leƙe. Amma kwanaki suka yi ta wucewa ba a ga ɗan Nijar ko ɗaya ba. Za a nuna manyan mutane a inuwa suna fifita da takarda, a daɗe a kansu. A nuna wasu na iyo a cikin kududdufin siminti. A nuna mutum biyu na buga ɗan ƙwallo kamar ƙwan zabo a kan tebur har mutane su fara hamma. Da an ga kamar za a koma filin gudu, sai a yanke a kawo tallar lemo. Labarin 'yan gida sai dai a rediyo, shi ma ba mai daɗi ba: an doke wane a dambe tun zagayen farko, wane bai tsallake sandar ba, wane ciwon ciki ya hana shi fita.

Laminu, malamin lakwal, wanda ake kira Mushe Laminu irin na Faransanci, shi ya fi kowa ɓacin rai. Yakan miƙe ya nuna akwatin da yatsa.

"Wanga abu raini ne! Ƙasa guda ba ta isa a nuna ta ba ko na ƙiftawar ido? Sun nuna mai sharar fili, sun nuna kare da ya ratsa, mu ba su gan mu ba?"

Wani daga kan buhuna ya ce, "Mushe, in sun nuna mu, mi za su nuna? Faɗuwa?"

Aka yi dariya, irin wadda ba ta kai ciki ba. Alhaji ya ce a bari dai ranar Talle ta zo.

Ranar da rediyo ya faɗa za a yi gudun Talle, Alhaji ya tura kamiyo Koona aka ɗauko mahaifinsa Gajere. Tsoho ne ƙanƙani, yanar ido ta rufe masa gani har ba ya bambance fuska sai murya. Ya sa rigarsa ta Sallah. Matiyu na ganinsa ya tashi ya durƙusa, don Gajere abokin mahaifinsa ne, kuma lokacin da Matiyu ya shiga addinin mishan dangi suka daina cin abinci da shi, Gajere ne kaɗai ya ci gaba da kiransa kan akushi.

"Baba, sannu da hanya."

"Matiyu ne? To, alhamdu lillahi." Tsohon ya lalubo hannunsa ya riƙe. "An ce kai ke jin maganar abin. Ni ido ya tahi. Kai ne idona yau, kai ne kunnena. Abin da ka gani ka faɗa mini."

Aka zaunar da shi a gaba, gwiwarsa na taɓa ta Matiyu.

Hoton ranar bai da kyau. Aka tura wani ya hau rufi ya juya ƙarfen, ana yi masa ihu daga ƙasa, dama, hagu, tsaya nan. Da ya ɗan washe sai ga 'yan gudu a jere, sun fi ashirin, ba a tsaya a kan fuskar kowa ba. Aka harba bindiga suka zuba. Mai magana a akwatin ya fara zuba shi ma, da sauri kamar ana gasa masa ƙafa, Matiyu ya kasa kunne iya ƙarfinsa bai kama komai ba sai sunan Habasha da na Kenya.

"Sun tashi?" in ji Gajere.

"Sun tashi, Baba."

"Shina ina?"

Masu ɗaukar hoton sun bi na gaba ne kawai, mutum shida ko bakwai a dunƙule. Cikinsu akwai wani dogo siriri mai jefa ƙafa, kansa a ɗan karkace. Matiyu ya ƙura masa ido. Haka Talle ke karkata kai. A wannan lokacin, har ga Allah, ya ɗauka shi ne.

"Ga shi can! Na huɗu. Dogon nan na gefe."

Mangaza ta ɗauki sowa. Matasa suka miƙe a kan buhuna, mata suka rangaɗa guɗa daga ƙofa. Gajere ya matse hannun Matiyu.

"Mi mai maganar ke cewa?"

"Ya ce... ya ce yaron Nijar ya ba su mamaki."

Da suka sake zagayowa aka matso da hoton kusa, Matiyu ya ga rigar dogon. Akwai rubutu a ƙirji, kuma ko cikin tsaki-tsakin nan ya ga haruffan sun fi na Nijar yawa. Fuskar ma ba ta Talle ba ce, wannan yana da gemu. Ya buɗe baki zai ce a dakata, sai dogon ya wuce mutum ɗaya, ɗakin ya sake fashewa da ihu, Alhaji da kansa ya cire hula yana kaɗawa. Gajere na tambaya, "Ya wuce? Ya wuce?"

"Ya wuce, Baba. Na uku yanzu."

Daga nan bakinsa ya kama tafiya shi kaɗai. Ya ce mai maganar ya ambaci Koona. Ya ce an ce ba a taɓa ganin ƙafa irin wannan ba. Duk abin da ya faɗa sai a amsa da kabbara. Yana ta faɗa wa ransa cewa in aka gama, dogon ya zo na uku ko na huɗu, za a yanke a kawo tallar lemo kamar kullum, kowa ya tafi gida da farin ciki, gobe rediyo ya faɗi abin da zai faɗa. Sau ɗaya ya waiga, ya ga Mushe Laminu bai tashi ba, ya dafe haɓa yana kallon akwatin, sannan ya kalle shi.

Can gudun ya yi nisa, sai wani mutum ya bayyana a gaban na gaba, shi kaɗai, da tazara. Hoton ya washe a daidai lokacin kamar da gangan. A bayan rigarsa an rubuta sunan Nijar, manyan haruffa, ko ɗan aji ɗaya zai karanta. Kansa a karkace. Ba mai shakka, Talle ne.

"Ga Talle! Shi ne gaba! Shi ne na ɗaya!"

Ba Matiyu ya faɗa ba, ɗakin ne gaba ɗaya. Ba wanda ya tsaya tambayar yadda ya tashi daga na uku ya ba su wannan rata. Gajere ya saki hannun Matiyu ya miƙe. Tsohon da ke tafiya da sanda ya ɗaga hannu biyu sama ya shiga taka rawa a gaban jama'a, yana juyi, yana kiran sunan kakannin Talle ɗaya bayan ɗaya, rigar Sallah na kaɗawa. Aka buɗe masa fili ana tafi.

Matiyu na zaune. Ya ga yadda Talle ke gudu, baki buɗe, ƙafa na ja, kamar mai tafiya cikin rairayi. Ya ga na bayan sun iso shi. Na farko ya wuce shi ba ko waiwaye, na biyu ya wuce, sai dogon nan mai gemu, wanda aka yi ta yi wa kabbara, shi ma ya wuce. Na ɗan lokaci su biyun suna cikin hoto ɗaya, kafaɗa da kafaɗa.

Tafin ya fara mutuwa daga gaba zuwa baya.

Wani ya ce, "To, wanne ne namu? Tela, ba ka ce dogon ba ne?"

Mushe Laminu ya miƙe a hankali. Bai ɗaga murya ba.

"Ba gaba yake ba. Zagaye guda sunka ba shi. Sun kewayo fili sun iske shi ta baya. Shi ne na ƙarshe."

Gajere bai ji ba, ko ya ji bai fahimta ba. Ya ci gaba da rawa shi kaɗai, taku uku, huɗu, sai ya lura ba mai tafi. Ya tsaya da hannu a sama. Ba a jin komai sai ƙugin injin wuta a waje da muryar mai magana.

"Mi ya faru? Matiyu? Kana ina?"

"Ga ni, Baba."

"Ya faɗi ne?"

"Bai faɗi ba."

A akwatin, na farko ya kai ƙarshe, aka rufe shi da runguma, aka bi shi da hoto yana zagaya fili yana ɗaga hannu. Aka daɗe a kansa. Sauran suka iso ɗaya-ɗaya. Sannan, kamar wanda ya tuna ya bar wani abu a baya, mai hoton ya juya can ɗaya gefen filin. Talle na nan yana gudu. Wasu ma'aikata sun riga sun fara jera shingaye a hanyar don wasa na gaba, sai da ya kauce wa ɗaya. Mai magana ya faɗi wani abu a hankali, wani a gefensa ya amsa masa yana dariya. Wannan karon Matiyu ya ji, don kalmomin ƙanana ne, irin na madafa.

"Shina gudu har yanzu?" in ji Gajere.

"Shina gudu."

"Shi da wa?"

"Shi kaɗai, Baba."

Sai aka yanke. Wata mace ta fito tana murmushi da kwalbar lemo a hannu.

Mushe Laminu ya yi ta faɗa, da Hausa da Faransanci, cewa ko ƙarshen ma ba za su bari a gani ba, cewa laifin na waɗanda suka tura yara ba shiri ne, cewa an mai da ƙasa abin dariya. Mutane suka fita ɗaya bayan ɗaya suna neman takalmansu, ba mai kallon wani. Alhaji ya ce a kashe injin, mai na ƙonewa a banza. Da zai wuce ta gaban Matiyu bai tsaya ba, ya ce kawai, "Tela, ashe haka Ingilishin yake."

Matiyu ne ya ja Gajere zuwa kamiyo, don ba wanda ya tuna da shi. Rana ba ta faɗi ba tukuna, 'yan kasuwa na kwashe kaya. Da suka kai, tsohon ya juyo wajensa.

"Yaushe ka gane ba shi ba ne?"

Matiyu ya so ya ce sai a ƙarshe. Ya ce, "Tun da wuri."

Gajere ya gyaɗa kai. "Yaro ya yi gudu an fi shi, wannan ba komi ba ne. Ko doki ana fin shi. Amma ni, da furfurata, ka bar ni na tashi na yi rawa gaban mutanen Tasawa." Ya saki hannunsa ya lalubi ƙofar motar da kansa. "Da ubanka na da rai, da na kai mishi ƙara."

A gida Ladi ta riga ta ji, don labarin ya riga shi isowa. Ta ajiye masa tuwo ba ta ce ai na faɗa maka ba. Da ta faɗa ma da ya fi masa sauƙi. Washegari bai buɗe rumfa ba, ranar Lahadi kuma ya zauna a bencin baya a coci, da aka ce ya ja waƙa ya ce maƙogwaronsa na ciwo. Da ya koma kasuwa, matasa sun samo masa suna. In ya wuce sai wani ya ce, "Na nawa yake yanzu, Malam?" wani ya amsa, "Na uku!" Alhaji bai sake aiko kiransa ba. Aka ci gaba da kallon akwatin ba tafinta, kowa na fassara wa kansa.

Bayan kamar wata guda, wata safiya yana kan keken ɗinki, inuwa ta rufe masa haske. Talle ne, cikin kayan gida, ya rame, da ƙunshi a hammata. Ya durƙusa ya gaishe shi kamar yadda ya saba tun yana yaro.

"Kawu, an ce kun gan ni."

"Mun gan ka."

Talle ya zauna a bakin benci. Ba a tambaye shi ba ya fara faɗa, idonsa a kan titi. Ya ce kwana da kwanaki suka yi a mota kafin su isa, ƙafafunsu suka kumbura. Ya ce bai taɓa gudu a kan irin wannan fili ba, takalmin da aka ba shi kuma ranar ya fara sa shi, ya matse shi har farcensa ya fita. Sannan ya ce, "Amma ko ba takalmi, Kawu, sun fi ni. Mutanen nan ba abin da suke yi sai gudu, da mai koya musu, da mai dafa musu. Ban san ana gudu haka ba."

"Ka kai ƙarshe? Nan an yanke ba mu gani ba."

"Na kai. Mai agogon da ke lissafa lokaci ya riga ya tashi." Ya juyo ya dube shi. "Baba ya ce in tambaye ka. Da anka nuna ni ni kaɗai, an ce mai maganar ya faɗi wani abu har anka yi dariya. Ya ce in kai ka ji, ka faɗa mini yadda yake, kar ka ƙara kar ka rage."

Matiyu ya cire ƙafarsa daga kan keken.

"Mai maganar ya ce, bawan Allah, har yanzu gudu yake. Ya ce bai san sunanka ba. Sai ɗayan ya ce wataƙila gida za ka da ƙafa. Iyakar abin da na ji ke nan. Sauran duk da na faɗa ranar, ban ji ko ɗaya ba."

Talle ya yi ɗan murmushi. Sannan ya kwance ƙunshin. Rigar sanyi ce mai dogon hannu, irin wadda aka ba su su sa kafin gudu, yadi mai kauri, da sunan ƙasa a baya an ɗinka da farin ƙyalle.

"Baba ke jin sanyi da asuba. Ka rage mishi hannun. Wannan rubutun kuma ka cire."

"Talle, ai ba laifi ba ne a bar shi."

"Ba zai iya shiga kasuwar Koona da shi ba, Kawu. Ni ma ba zan iya ba."

Matiyu ya karɓa. Ya ɗauko reza ya shimfiɗa rigar a gwiwa, ya fara warware zaren harafin farko. Wanda ya yi ɗinkin ya iya aiki, zaren ya kama sosai, sai da ya bi a hankali don kada ya yanki yadin. Talle na zaune yana kallo har aka gama, ya tattara fararen haruffan ya cusa a aljihu. Da ya tambayi kuɗin aiki Matiyu ya girgiza kai.

Ran kasuwar Koona ta gaba Matiyu ya hau amalanke ya kai rigar da kansa. Ya iske Gajere a ƙofar gida yana shan hantsi. Tsohon ya amsa gaisuwa, ya shafa rigar ciki da waje, ya sa, ya ce hannun ya yi daidai. Aka kawo fura, ya sha, ya miƙa wa Matiyu ludayin. Amma har Matiyu ya tashi tafiya, maganar gona kawai suka yi, da yadda gyaɗar bana ba ta yi 'ya'ya ba.